Shekara Goma Sha Biyar Ana Jiran Kasuwa

A ranar 5 ga Maris, 2008, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 66,000, matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Bai sake taka wannan matsayi ba sai a ƙarshen Agustan 2023. Duk mai son sanin ma'anar shawarar da masana ke bayarwa, cewa a riƙe jari a yi haƙuri har guguwa ta wuce, to ya dubi abin da ya auku tsakanin waɗannan ranaku biyu.

Tushen labarin yana a 2004, lokacin da Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma akasarinsu wajen jama'a suka nemo kuɗin. Talla ta cika rediyo da jaridu. Ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan fansho da 'yan kasuwa, daga Legas har Kano da Kaduna, suka shiga sayen hannun jari, da yawansu karon farko ke nan a rayuwarsu. Farashi na ta hawa, har aka fara ɗaukar hawan tamkar doka.

Ɓarnar ta shigo ta ƙofar rance. Bankuna suka riƙa ba mutane bashi don su sayi hannun jari, sau da yawa na bankunan da kansu, takardun jarin kuma su ne jingina. Da rikicin tattalin arzikin duniya ya ɓarke, baƙin masu zuba jari suka kwashe kuɗinsu, farashin ɗanyen mai ya rikito. Kafin ƙarshen Maris na 2009 ma'aunin ya sauko ƙasa da maki 20,000, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na darajarsa ya tafi cikin shekara guda. Wanda ya saya da bashi ba shi da damar yin haƙuri ko da yana so. Darajar jinginarsa ta zube, bashin yana nan yana haihuwa, dole aka sayar a lokacin da farashi ya fi muni.

Wanda ya saya da kuɗinsa kuwa, makomarsa ta rataya ne ga abin da ya riƙe. A watan Agustan 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Oceanic, Intercontinental, Afribank, Finbank da Union, ya kuma zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka sauya musu suna, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Ga waɗannan bayin Allah, jiran shekara ɗari ma ba zai dawo da ko kwabo ba. Amma wanda ya riƙe GTBank ko Zenith ko Nestle ya ci gaba da karɓar rabon riba shekara bayan shekara, kuma wannan rabo, wanda ma'aunin kasuwa ba ya lissafawa, shi ne babban ladan jiran.

Shekarar 2020 ta ba masu wa'azin haƙuri hujjarsu mafi ƙarfi. Annobar korona ta mayar da ma'aunin kusa da maki 20,000 a watan Afrilu, kamar dai 2009 ta dawo. Wanda ya firgita ya sayar a lokacin ya ciji yatsa, domin shekarar ta ƙare ma'aunin yana sama da 40,000.

Sai dai akwai abin da murnar 2023 ta lulluɓe. Kwandon da ya dawo ba shi ne wanda ya faɗi ba. Simintin Ɗangote ya shiga kasuwar ne a 2010, MTN da Airtel a 2019, simintin BUA a 2020, kuma irin waɗannan manyan kamfanoni ne suka ɗauki kaso mai tsoka na nauyin ma'aunin. Malamin makarantar da ya adana takardar jarin banki guda a ƙasan akwati tun 2007 bai da rabo a hawansu, sai fa idan ya ci gaba da saye yana rarraba ƙafa.

Sannan ga batun naira kanta. A farkon 2008 dala ɗaya tana kusan naira 118. A Agustan 2023 ta wuce naira 750 a farashin hukuma. Ke nan ranar da aka yi shelar cewa kasuwa ta koma inda take, darajar ma'aunin a lissafin dala ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na abin da take a 2008 ba.