Wa Ya Koya Wa Fim Ɗin Hausa Rawa?

Shari'ar an daɗe da yanke ta a bakin mutane. Ka tambayi dattijo a Tambuwal ko malamin makaranta a Kebbe daga ina rawar fim ɗin Hausa ta fito, kafin ka rufe baki zai ce maka Indiya. Akwai gaskiya a maganar, amma an yanke hukuncin ba a saurari shaidu duka ba. In rawar Indiya ce aka kwafo, me ya sa ƙafar ba ta Indiya ba ce? Me ya sa babu murza ido da lanƙwasa yatsu irin na matan Bombay? Kuma me ya hana ta bayyana tun a finafinan farko, alhali masu yin su sun tashi ne cikin kallon Indiya?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce bakin zaren. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. Jama'a suka karɓe su har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Daga baya talabijin da kaset suka kai su garuruwan da ba su taɓa ganin silima ba, ciki har da na kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Amma da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, ba a ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, ya nuna cewa finafinan shekarun farko da kiɗan gargajiya suka dogara, musamman na 'yan Koroso, kuma kiɗan rakiyar labari ne kawai. Kusan shekara 40 ana kallon Indiya, rawar ba ta tsallako ba. Ashe kallo kaɗai bai isa ya zama sanadi ba.

Abin da ya sauya lissafi fiyano ne. A tsakiyar shekarun 1990 na'urorin Yamaha suka shigo ɗakunan kiɗa na Kano, irin na Iyan-Tama. Yaro ɗaya da yatsu goma yana iya fitar da sautin da ya yi kama da sarewa da kalangu da shantu, ba sai an tara makaɗa an ciyar da su ba. Waƙa ta yi arha, kuma ta zama talla: a sa ta a tallan fim, ta shiga bakin yara, 'yan kasuwar kaset su yi rububin fim ɗin tun bai fito ba. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki a 1999, shi ya tabbatar wa kowa cewa waƙa na sayar da fim. Waƙa kuwa in ta kai minti biyar a allo dole jiki ya motsa. Sai aka shiga neman abin da za a yi da jikin.

A nan ne ya kamata a duba abin da Indiya take da shi da kuma inda ta samo shi, don ita ma gado ta ci. Waƙa da rawa a tsakiyar labari sun zo wa fim ɗin Indiya daga dandamalin wasan kwaikwayo na Farisawan Bombay na ƙarni na 19, da wasannin waƙe irin Indar Sabha, wanda Agha Hasan Amanat ya rubuta a Lucknow wajen 1853. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, waƙoƙi bakwai ne a cikinsa. Tsara rawa a can sana'a ce mai zaman kanta, mai iyayen gida da almajirai. Saroj Khan, wadda ta tsara wa Madhuri Dixit rawarta a fim ɗin Tezaab na 1988, a zamaninta sunanta kaɗai na jawo 'yan kallo.  Irin wannan horo na shekaru ba ya shiga jikin mutum ta kallon kaset. Abin da ake iya ɗauka ta kallo shi ne tsarin: a tsayar da labari, a ware mutum biyu, namiji da mace, su fuskanci juna, ya yi baiti ta mayar, a canza tufafi da wuri a tsakiyar waƙa. Wannan kam na Indiya ne, babu musu.

Ƙafar kuwa daga gida ta fito. Duk wanda ya ga gaɗa a dandali da farin wata ya san Bahaushiya ba ta jira Bombay ba kafin ta san tsari. 'Yan mata su yi rabin da'ira, mai ba da waƙa ta ɗauka, saura su amsa da tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jiki, su cafe ta su cilla, ta dira daidai kan bugun tafin. Kuskuren ƙiftawar ido ɗaya sai ta sha ƙasa. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma akwai ƙa'idar shiga da ta fita, da wadda ke gyara wa ƙanana. Haka rawar takai ta maza, inda sanda ke haɗuwa da sanda a kan kiɗa, kowa ya juya ga na gabansa sannan na bayansa. Koroso kuwa ta riga ta hau dandamali tun kafin fim: ƙungiyar da ke ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta Kano, a Gidan Ɗan Hausa, bibbiyu take jera masu rawa, da kacau-kacau a ƙafa, kuma sai an yi atisaye ake fita. Dubi jerin 'yan matan da ke bayan jaruma a finafinan zamanin Sangaya: taku gajere, ƙafa kusa da ƙasa, kafaɗa da ƙugu na aiki, amshi na biye da zabiya. Dandali ne aka miƙar da da'irarsa ta zama sahu don kyamara ta ga fuskar kowa.

Hatta katse labari da waƙa ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki cike take da wuraren da yarinyar cikin labari ke tsayawa ta rera kukanta.

To me ya sa rawar fim ta yi wa mutane zafi haka, in rabinta nasu ne? A ganina amsar na cikin tarihin ƙasar nan. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma malaman jihadi sun yi rubutu mai yawa a kan cuɗanyar maza da mata a wurin kiɗa. Gaɗa ta tsira domin ta 'yan mata ce, samari na gefe, kuma da an yi aure an bar ta. Fim ya ɗauko wannan taku ya ba baligai, ya haɗa mace da namiji su biyu rak, ya kuma shigar da su har tsakar gida. Abin da aka ƙi ke nan, aka kira shi Indiya don ya fi sauƙin faɗa.

Sai mai tsara rawa na uku, wanda ba a cika lissafawa da shi ba: hukuma. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma daga cikin abin da aka fi tsanantawa akwai taɓa jiki tsakanin mace da namiji. A 2007, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar, aka ƙara ɗaure igiyar, har Adam A. Zango ya shiga kurkuku saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. Wannan takura ta zama salo. Tunda hannu ba zai kai ba, sai aka gina rawar a kan tazarar da ke tsakani: ya matso ta ja baya, ta juya ya bi gefe, ya miƙa hannu ya tsaya a iska, mayafi ya yi abin da yatsa ba zai yi ba. Mai yanka hoto ya ƙarasa saura, ya haɗa su a ido alhali ba su haɗu a fili ba. Jaruman Indiya suna rungumar juna cikin ruwan sama. Wannan rawa ta kusa-da-nesa ba za ka same ta a wurinsu ba, kuma ba a dandali aka yi ta ba. A Kano aka ƙirƙiro ta, tsakanin kunya da tsoron almakashin hukuma.

Daga baya waƙar ta fara rabuwa da fim, ta koma faifan mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ta shiga waya, ta zama abin takawa a wurin biki daga Dogon Daji har Kuchi. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suna yi wa mazajensu rawa a ɗaki suna sakawa a intanet. Aka yi ta cacar baki a kan tarbiyya da mutuncin aure, malamai suka yi wa'azi, wasu suka kare matan. A duk hayaniyar, ba Indiya aka fi ɗora wa laifi ba.