Bijimin Huɗa da Kuɗin Makaranta a Yasore

Da ɗan ƙanena ya shiga zangon ƙarshe na aji shida a sakandare, sai ya same ni a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi. Ya ce, "Baba, an ce gwamnati na ba da bashin karatu. A duba mini ko zan samu." Na karanta sharuɗɗan har ƙasa, na ce masa ya yi haƙuri tukuna, kuɗin nan na wanda ya riga ya sami gurbi ne a jami'a ko kwaleji. Tun ranar maganar take cina, domin a wannan yanki namu na Batsari da Safana na san zamani uku na biyan kuɗin boko, ɗaya daga bakin mahaifina, biyu da idona.

A zamanin En'e, in ji mahaifina, Allah ya jiƙansa, taimakon ne ke farautar yaro. Umarni zai fito daga Katsina cewa hakimi ya kawo yara kaza elementare, shi kuma ya raba wa dagatai da masu unguwanni. Da an hango dogari ya nufo gari, sai uwa ta cusa ɗanta a rumbu, ko a kora shi kiwo wajen dajin Rugu, ko a haɗa shi da malami ya yi gabas. Wanda aka kama kuwa, baitulmali ke ɗaukar nauyinsa, daga tufafi da littattafai har tuwon dare. In kansa na ja, ya wuce Midil a Katsina, daga can sai Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauchi, kafin a tura shi Landan ƙaro ilmi a 1945. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau.

Mutane kan ce karatun lokacin kyauta ne. Ni ban yarda ba. Harajin manomi da jangalin makiyayi ne ke cika baitulmalin. Kakannina sun biya, sannan suka ɓoye 'ya'yansu daga abin da suka biya, saboda tsoron kada boko ya raba yaro da addininsa da gonar ubansa. Ban ga laifinsu ba, amma abin yana mini ciwo har yau.

Ni ɗan UPE ne, shirin firamare kyauta na 1976. Ina ƙaramin aji muka ji a rediyo ɗaliban jami'a sun yi bore a 1978 saboda an ƙara musu kwabo 50 a kuɗin abincin yini, har aka rasa rayuka a Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai da na girma na gane ma'anar rigimar: lokacin gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan cin ɗalibi. A 1984 aka janye wannan tallafin abinci. Kafin in gama sakandare an yanke Jihar Katsina daga Kaduna a Satumban 1987, neman sukolashif ya dawo kusa da gida.

Ina tuna yadda na bi hanyar. Sai ka fara da takardar shaidar ɗan asali: mai unguwa ya shaide ka, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma ta ba ka takarda. Na ɗauki hoto a Batsari da aron riga mai kwala. Ranar intabiyu na shiga motar Katsina tun asuba, takarduna cikin ambulan, ambulan cikin leda, leda cikin riga saboda ruwan sama. Wani dattijo a teburin ya tambaye ni sunan garinmu, na ce Yasore, ya ce in lissafa masa ƙauyukan da ke kewaye da mu. Da na jero su ba gargada sai ya gyaɗa kai ya yi rubutu. An ba ni alawus, kuma na gode, don ya saya mini littattafai. Sai dai tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta fara zubewa, abin da ya ishi yayyenmu shekara bai kai mu rabin zango ba.

Wanda ya biya karatuna na gaskiya bijimi ne. Muna da biyu na huɗa, fari da wani mai roɗi-roɗi. Bayan an gama huɗar shekarar da na sami gurbi, mahaifina ya ja mai roɗin zuwa kasuwar Batsari. Da yamma ya dawo da igiyar naɗe a hannu, ya rataye ta a ƙusar zaure, bai ce komai ba, ya ƙirgo mini kuɗin a kan buzun sallarsa. Mahaifiyata ta kwashi adashinta, ta haɗo mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli. A duk ƙauyukanmu haka akasarin 'yan boko suka fito: sa, ko rago, ko buhunan wake da gero da aka ajiye sai farashi ya tashi. Garke shi ne asusun karatunmu.

Wannan asusun ne 'yan bindiga suka fasa. Shanun huɗa sun tafi daji, gonakin nesa sun gagara nomawa, abin da ya rage ya tafi kuɗin fansa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, alhali JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Makarantun kuwa sun matso kusa: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina tun 2006, ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Tafiya ta ragu, guzuri ya ƙare.

Bashin karatu ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumarsa a 1972, rashin biya ya durƙusar da ita. Na yanzu, NELFUND, an sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, aka fara karɓar masu nema a watan Mayu. Ba kuɗin ruwa, ba a neman mai tsaya maka. Kuɗin makaranta na tafiya kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma ya riƙa samun naira 20,000 duk wata, biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Tsari ne mai kyau, kuma na ga yaran da ya riƙe a makaranta. Amma kafin yaron Yasore ya kai gare shi sai ya mallaki lambar NIN da BVN, ya sayi fom ɗin JAMB, ya je birni ɗaukar yatsa, ya koma zana jarrabawa, ya sake komawa tantancewar jami'a, kowace tafiya da kuɗin mota da na kwana. A wannan tsakanin, inda da bijimi ke tsayawa, mafi yawan yaranmu ke zubewa.

Na kira ƙanena muka zauna da dare. Ba shi da sa ko ɗaya yanzu. Matarsa ta ce a sayar da akuyarta mai ciki, ni na ɗauki kuɗin fom daga fanshona, wani ɗan'uwanmu mai sayar da shayi a Katsina ya ce yaron ya kwana wajensa. Ranar tafiya na ba shi tsohuwar ambulan, na ce ya sa takardunsa ciki, ya naɗe da leda. Ya ce, "Baba, ai duk suna cikin waya." Na ce ya dai riƙe. Ya cusa ta cikin riga, ya hau bayan babur zuwa tashar Batsari.