Tauraron Niyutiron: Shaidar da Ba Ta Raba Gardama Ita Kaɗai

Wanda ya taɓa leƙa rijiyar Kusugu a Daura ya ga tushen ilimin taurari da idonsa. Ruwan da ke can ƙasa yana ɗauke da nauyin duk wanda ke samansa, shi ya sa matsi ke ƙaruwa gwargwadon zurfi. Haka masana ke kallon tauraro: mulmulallen dunƙulen ruwa ne, girabiti, wato ƙarfin janyowa, yana jan kowane sashe zuwa tsakiya, matsin ciki kuma yana tokare shi.

Ra'in Einstein na 1915 ya zo da wani ƙari mai tayar da hankali: shi kansa matsin yana ƙara ƙarfin janyowa, don haka abin da ke tokare tauraro yana taya murƙushe shi. Tolman, da Oppenheimer da Volkoff, su suka fitar da lissafin a 1939. Sai dai tun da aka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya tana ƙara sauri, masana da yawa suka koma kan ra'o'in da ke yi wa na Einstein kwaskwarima, irin na Brans da Dicke na 1961 da na Starobinsky na 1980. Damour da Esposito-Farèse sun nuna a 1993 cewa ra'i zai iya dacewa da na Einstein a kewayen rana, amma ya bauɗe sosai a cikin tauraron niyutiron, wanda ya fi rana nauyi alhali daga tsakiyarsa zuwa bakinsa kimanin kilomita 12 ne.

A nan gizo ke saƙar. Nauyi da faɗin tauraro sun dogara ga abu biyu a lokaci guda: dokar girabiti, da yadda abin da ke cikinsa ke jure matsi. Na biyun har yau ba a tantance shi ba, domin babu ɗakin gwajin da ya iya riƙe irin wannan cunkoso. Oppenheimer da Volkoff sun sami iyakar nauyi kusan 0.7 na nauyin rana. A 2010 aka auna tauraron PSR J1614-2230, aka same shi kusan ninkin rana biyu. Laifin ba na Einstein ba ne. Lissafin farko ne ya yi watsi da tunkuɗar da niyutiron ke yi wa juna. A ganina, maƙalun da ke zaɓen siffar lissafi tun farko, su murɗa ma'aunai har sai sakamako ya dace da wani sanannen tauraro, ba su tabbatar da komai game da girabiti ba, kuma abin takaici ne yawan hazaƙar da ke ƙarewa a can.

Shaidar da ke da nauyi ita ce wadda ba ta jingina da abin ciki ba. Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka kama igiyar girabiti daga karon taurarin niyutiron biyu, hasken gamma ya biyo baya da daƙiƙa 1.7 kacal bayan tafiyar kimanin shekara miliyan 130. Wannan ya soke ra'o'i da dama da ke cewa gudun girabiti ya bambanta da na haske. Ɗalibin lissafi a Daura ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zai iya warware lissafin 1939 da ƙaramar kwamfuta. Shawarata ya fara da aikin Yagi da Yunes na 2013, waɗanda suka gano alaƙa tsakanin juyawar tauraro da lanƙwasuwarsa wadda kusan ba ruwanta da abin da ke ciki.