Takobin da Aka Hana a Ƙasar Sin

Waɗanda suka shiga silima a Kano a shekarun 1970 da 1980, a daren da ake nuna fim ɗin Chanis, sun saba ganin jarumi da takobi yana tashi sama kamar shirwa, ya dira bisa rufin soro. Kaɗan ne suka san cewa wannan jarumi daga littafi ya fito, kuma an taɓa korarsa daga ƙasar haihuwarsa.

A farkon shekarun 1920 wani marubuci mai suna Xiang Kairan ya riƙa buga labarin mayaƙan takobi kashi-kashi a wata mujalla ta birnin Shanghai. A 1928 kamfanin Mingxing ya ɗauki wani sashe na labarin, Zhang Shichuan ya mai da shi fim, wato Ƙona Haikalin Jan Bado. Labarin wasu miyagun sufaye ne da suka mai da wurin ibada maɓoyar mata da suka sace, har jarumai suka zo suka cinna masa wuta. Fim ɗin ba shi da magana. Da igiyar ƙarfe ake ɗaga ɗan wasa sama, hasken takobi kuwa da hannu ake zana shi a kan fim. Amma fa jama'a suka yi ta tururuwa, har kamfanin ya fitar da kashi fiye da 15 cikin shekara uku, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu.

A 1931 gwamnatin Kuomintang ta haramta irin waɗannan finafinai, wai suna cusa wa talakawa camfi da tsafi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, gama mai kallo yana iya ɗaukar siddabaru ya zama gaske. Sai dai kuma labarin da talaka ke ɗaukar takobi ya hukunta azzalumi ba ya yi wa mai mulki daɗi, ko a ina.

Hanin bai kashe sana'ar ba. Ta sami mafaka a Hong Kong, wadda ke hannun Ingila a lokacin, inda daga baya kamfanin Shaw Brothers ya riƙa fitar da finafinan takobi zuwa ƙasashen duniya. A 2000 Ang Lee ya yi Crouching Tiger, Hidden Dragon daga littafin Wang Dulu, ya sami lambobin Oscar 4 a Amurka. Shi kuwa fim ɗin 1928 ya ɓace, ba a sami kofinsa ba.