Job Dekker da taswirar zaren da ido bai gani ba

A cikin kowace ƙwayar halitta mai cibiya ta jikin ɗan Adam akwai zaren DNA da zai kai tsawon mita 2 in an warware shi, alhali faɗin cibiyar da aka dunƙule shi a ciki bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Kuma ba ajiyar rumbu aka yi masa ba, domin kullum ana karanta shi, ana gyara inda ya tsinke, ana kwafe shi duk lokacin da ƙwayar za ta rabu biyu. Yadda aka naɗe wannan zare har bai sarƙe ba, tambaya ce da ta girmi ilimin DNA kansa.

A ƙarshen ƙarni na 19 Walther Flemming, Bajamushe, ya lura da wani abu a cikin cibiyar mai saurin kama rini, ya sa masa suna kuromatin. Carl Rabl a 1885 da Theodor Boveri a 1909 sun yi hasashen cewa kowane kuromosom yana da unguwarsa a cikin cibiyar, ba ya cakuɗuwa da sauran. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana naɗin farko: zaren yana kewaye dunƙulen furotin takwas da ake kira histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. Ƙananan naɗi an san su ke nan, manyan unguwanni kuma ana hango su. Abin da ke tsakani ne ya gagara, don madubin ƙara girma na wancan zamani hazo kawai yake nunawa.

Job Dekker ɗan ƙasar Holan ne. Ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Utrecht a 1997, sannan ya tafi Harvard, a Amurka, ɗakin binciken Nancy Kleckner, wadda ke nazarin yadda kuromosom ke neman abokinsa kafin a samar da ƙwayoyin haihuwa. A can ya yanke shawarar barin gani ya koma ƙirga. Da farko a zuba sinadarin fomaldehaid a kan ƙwayoyi masu rai, ya manne duk sassan zaren da ke gogar juna a wannan lokaci. Sai a daddatse zaren da enzayim, a sake ɗinke bakin guntayen da suka rage a manne. Guntu biyu da ke nesa da juna a tsawon zaren, in an same su a ɗinke, to a cikin cibiyar maƙwabta ne. Kamar mutumin da bai taɓa ganin gari ba ne, amma aka ba shi lissafin waɗanda ke gaisawa kowace safiya. Daga yawan gaisuwa zai gane wa ke katanga ɗaya da wa, har ya zana unguwanni.

Mujallar Science ta buga wannan dabara a 2002 da sunan 3C. A kan yis aka gwada ta, kuma ta nuna kuromosom na uku na yis yana lanƙwashe kamar zobe da aka murɗa. Sakamakon kansa ba wani babba ba ne, dabarar ce riba. Kafin shekarar ta ƙare, Wouter de Laat da Frank Grosveld a Rotterdam suka ɗauke ta zuwa wata tsohuwar muhawara. An san ƙwayoyin gado na beta-gulobin, masu haɗa wani ɓangare na himogulobin, suna da makunni da ke nesa da su da haruffan DNA dubu 40 zuwa 60 a jikin ɓera. Ta yaya makunni ke kunna abin da bai taɓa ba? Sai 3C ta nuna cewa a ƙwayoyin da ke zama jan jini zaren yana lanƙwasowa har makunnin ya haɗu da ƙwayar gadon da ke aiki, a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa babu wannan lanƙwasa. Wannan yanki, a jikin ɗan Adam, shi ne mazaunin amosanin jini, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. A 2014 ɗakin binciken Gerd Blobel a Philadelphia ya tilasta wa makunnin komawa kan ƙwayar gadon himogulobin na jarirai, irin wanda ke rage lanƙwashewar jan jini, ta kuwa farka a ƙwayoyin manya.

Dekker ya koma makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Worcester a 2003. Raunin 3C shi ne sai mai bincike ya riga ya zaɓi wurare biyun da zai tambaya. A 2009, tare da Nynke van Berkum, Erez Lieberman-Aiden, Leonid Mirny da Eric Lander, aka fitar da Hi-C, wadda ke ƙirga haɗuwar ko'ina da ko'ina a lokaci guda. Taswirar farko ba ta da kaifi, kowane ɗigo a cikinta haruffa miliyan 1 ne, amma ta tabbatar da unguwannin Rabl da Boveri, ta kuma nuna cewa sassan da ke aiki suna taruwa da junansu, na barci ma haka. A 2012 Dekker da Edith Heard ta birnin Faris, da kuma Bing Ren a San Diego a nasa ɓangaren, suka gano ƙananan yankuna masu iyaka, inda zare ke yawan haɗuwa da na cikin gida fiye da na ƙetaren katanga. Bayan shekara uku ɗakin Stefan Mundlos a Balin ya nuna cewa rushewar irin wannan katanga tana sa makunni ya kunna ƙwayar gadon da ba tasa ba, a haifi yaro da yatsu fiye da biyar ko gajerun yatsu.

Nan ne ya kamata a yi hattara, domin kyawun taswirar ya sa mutane da yawa suka ɗauki katangun tamkar na siminti. Hi-C matsakaicin lissafi ne na miliyoyin ƙwayoyi, kuma da aka duba ƙwaya ɗaya-ɗaya sai aka ga kowace da irin naɗinta. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Mirny da ɗalibansa suka ba da ƙarfi a kai, shi ne wani furotin mai siffar zobe, kohesin, yana hawa zaren yana jan madauki har sai ya ci karo da wani furotin mai suna CTCF ya tsaya. Yankin ashe sawun motsi ne. A 2018 wani Dekker ɗin daban, Cees na Delft, ya ɗauki hoton ɗan'uwan kohesin, wato kondensin, yana jan madaukin a zahiri. Abin da ya fi ɗaure kai ya zo tun 2017: da aka cire kohesin daga ƙwayoyi na 'yan sa'o'i, yankunan suka ɓace, amma aikin mafi yawan ƙwayoyin gado bai canza sosai ba. Naɗi yana da tasiri, yatsun yaran nan shaida ne, sai dai ba a ko'ina ba kuma ba daidai wa daida ba.

Shi kuwa Job Dekker ya koma kan siffar da Flemming ya zana da hannu, wato kuromosom a lokacin rabuwar ƙwaya. A 2013 ɗakinsa ya nuna cewa a wannan lokaci duk yankunan nan suna gogewa, kuromosom ya ɗauki naɗi iri ɗaya ko daga wace irin ƙwaya ya fito. A 2018, tare da Mirny da William Earnshaw na Edinburgh, suka bi ƙwayoyin kaza minti bayan minti yayin da suke shirin rabuwa. Suka ga kondensin iri ɗaya yana ɗaure manyan madaukai a jikin wani ginshiƙi da ke murɗawa kamar matakalar hasumiya, ɗayan irin kuma yana raba kowane babban madauki zuwa ƙanana a cikinsa.