Rigimar Tukwanen Ƙasa Tsakanin Malaman Yahudawa Biyu

Duk shekara idan Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya ƙarato, tsakanin Maris da Afrilu, hotuna kan fito daga unguwar Mea Shearim ta birnin Ƙudus: manyan tukwane na tafarfasa a bakin titi, jama'a sun yi layi da kwanuka da cokula, wani na tsoma su cikin ruwan da kwandon waya, wani kuma na babbake ƙarfen gashi da wutar gas har ya yi jawur. Masu karatu kan tambayi asalin wannan aiki.

Idin na tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar ne tare da Annabi Musa, fitar gaggawa da ba ta bari ƙullu ya kumbura ba. Don haka kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 a sauran ƙasashe, an hana su hamez, wato abincin alkama, sha'ir da danginsu da ƙullunsa ya tashi. Malamansu suka ce tukunya ma tana shan ɗanɗanon abin da aka dafa a cikinta, kuma ta hanyar da ta sha take fitarwa. Abin da aka dafa da ruwa a cikinsa, tafasasshen ruwa ke tsarkake shi, su ce hagala. Wanda ya sha wuta kai tsaye sai an ƙona shi, su ce libun. Hujjarsu tana babi na 31 na Littafin Ƙidaya a cikin Attaura, inda Ele'azara ɗan Annabi Haruna ya umarci mayaƙan da suka dawo daga Madayana su ratsa zinariya, azurfa, tagulla, baƙin ƙarfe, kuza da dalma ta cikin wuta.

To tukunyar ƙasa fa? An yi ittifaƙi cewa abin da ta sha ba ya fita. Nan gardama ta tashi a Babila, wato Iraƙin yau, a ƙarni na 3 Miladiyya. Rab, wanda ya kafa makarantar Sura kuma ya rasu a shekarar 247, ya ce a farfasa irin waɗannan tukwane idan idi ya zo. Takwaransa Shimu'el na Nehardeya, malami kuma likita masanin taurari, ya ce babu dalilin asara: a ajiye su gefe, bayan idi a ci gaba da girki.

Masu sayar da tukwane sun san inda ribarsu take. Da zarar idi ya wuce kowane gida na neman sabuwar tukunya, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamar yadda rago ke yi mana a jajibirin Babbar Sallah. Littafin Talmud, a sashen Pesahim shafi na 30, ya kawo cewa Shimu'el ya fuskance su ya ja musu kunne: ko su sauko da farashi, ko ya fito fili ya karantar da fatawa mai sassauci ta wani malami, Rabbi Shimon, kowa ya koma wa tsohuwar tukunyarsa, hajarsu ta yi kwantai. Aka tambaya, tunda ra'ayin Shimu'el ke nan shi ma, me ya hana shi faɗa tun farko? Amsar da littafin ya bayar ita ce garin na ƙarƙashin Rab ne, bai so ya taka hurumin ɗan uwansa malami.

A ƙa'idarsu, maganar Rab ake bi a sha'anin halal da haram, ta Shimu'el a sha'anin dukiya. Amma a nan Shimu'el ya yi rinjaye. Littafin dokokinsu, Shulhan Aruk na Yosef Karo, da aka buga a Benis a 1565, ya ce a wanke tukwanen ƙasa a ɓoye su sai bayan idi. Saɓanin sai ya koma kan gilashi: Karo ya ce ba ya shan ɗanɗano, wanki ya isa, Moshe Isserles na Krakow kuma ya tsananta. Har yau Yahudawan Safardi, masu bin Karo, da na Ashkenazi, masu bin Isserles, na rabe a kai.

A ganina Shimu'el ne ya fahimci lamarin. Ya kiyaye dokar idi, ya girmama abokin saɓaninsa, ya kuma hana 'yan kasuwa fakewa da ibada su tatsi talaka. Malamin da ya haɗa waɗannan uku ya cancanci a tuna da shi.