Southdale: Rayuwar Kasuwar da Aka Jingina da Manyan Kantuna

A ranar 8 ga Oktoba, 1956, aka buɗe Southdale Center a garin Edina, kusa da birnin Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka. Ita ake ɗauka a matsayin rufaffiyar kasuwar zamani ta farko a ƙasar: shaguna 72 ƙarƙashin rufi ɗaya, hawa biyu, da filin ajiye motoci sama da 5,000 kewaye da ita. Tarihinta yana nuna cewa ƙarfin irin wannan kasuwa da rauninta duk daga wuri ɗaya suka fito, wato dogaro da manyan kantunan da ke sayar da komai, daga sutura har kayan ɗaki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalai masu rufin asiri suka yi ta barin tsakiyar birane suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, kowa da motarsa. Iyalan Dayton, masu babban kanti a tsakiyar Minneapolis, suka ga abokan cinikinsu suna nisa da su, sai suka yanke shawarar bin su. Dokar haraji ta 1954 ma ta ƙara wa masu kuɗi ƙwarin gwiwa, domin ta ba mai sabon gini damar zabge kaso mai tsoka na kuɗin ginin daga harajinsa tun a shekarun farko. Southdale ta ci kimanin dala miliyan 20.

Wanda ya zana ta shi ne Victor Gruen, haifaffen Biyana, wanda ya tsere daga Ostiriya a 1938 bayan 'yan Nazi sun mamaye ta. Burinsa ya wuce saye da sayarwa. So yake ya samar wa mazauna bayan gari dandalin da za su taka da ƙafa, su zauna, su gaisa. Saboda haka ya mayar da ƙofofin shaguna suna kallon ciki, ya buɗe tsakar gida mai hasken sama, da itatuwa, da tafkin kifaye, da katafaren kejin tsuntsaye, da kujerun shan shayi. A jihar da sanyin hunturu ke daskarar da tafkuna, mutum yakan cire rigar sanyinsa a bakin ƙofa ya shiga yanayin da aka tsayar a kan digiri 24 duk shekara.

Sai dai hikimar da ta fi tasiri ta ciniki ce. Kamfanin Dayton ya gayyato babban abokin hamayyarsa, Donaldson's, kowa ya kama ɓangare guda na ginin. Duk mai son kwatanta farashi sai ya taka daga wannan kanti zuwa wancan, kuma dole ya ratsa ta gaban ƙananan shaguna. Wannan tsari ne ya zama ƙa'ida a duk faɗin Amurka: babban kanti yakan biya haya kaɗan, ko ma ya mallaki gininsa, domin shi ke jawo jama'a, ƙananan 'yan haya kuwa su ke ɗaukar nauyin kuɗin. A 1972 aka ƙara wa Southdale babban kanti na uku, JCPenney.

Matsalar ita ce babban kanti ba ya dawwama. Kamfanin Carson Pirie Scott ya saye Donaldson's a 1987, daga baya Mervyn's ya gaji wurin, shi ma ya rufe a 2004. Sunan Dayton's ya koma Marshall Field's a 2001, sannan Macy's a 2006. Abin lura, iyalan Dayton da kansu suka kafa kantin rangwame na Target a 1962, kuma irinsa ne suka janye masu saye daga tsofaffin kantuna tun kafin cinikin intanet ya zo. A 1992 kuma aka buɗe Mall of America a Bloomington, tafiyar 'yan mintuna kaɗan, ta kwashe wani kaso na jama'ar. JCPenney ya fita a 2017, wani babban kantin, Herberger's, ya bi baya a 2018.

Gruen ya tsara cewa za a kewaye kasuwar da gidaje da makarantu da asibiti da wurin shaƙatawa. Asibitin Fairview Southdale ya samu a 1965, amma galibin shirin bai tabbata yadda ya so ba, domin darajar filayen ta tashi, aka yi ta sayar da su. A wani jawabi da ya yi a Landan a 1978 ya nesanta kansa da kasuwannin da aka kwaikwaya daga aikinsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faɗuwar manyan kantuna ce ta buɗe ƙofa ga abubuwan da aka ture da farko. An gina gidajen haya da otal a gefen filin motoci, cibiyar motsa jiki ta Life Time ta maye gurbin JCPenney a 2019, kuma ƙaramar hukumar Hennepin tana da ofishi a cikin ginin inda ake sabunta lasisin tuƙi. Southdale ta tsira ne saboda tana cikin unguwar masu hali, inda fili ke da daraja. Takwarorinta da dama a yankunan da arziki ya ja baya an rushe su ko an bar su kango. Ciniki kaɗai bai iya riƙe jama'a na tsawon zamani ba. Kasuwar da ta daɗe ita ce wadda mutane ke da wasu dalilan zuwa cikinta ko da ba su da niyyar sayen komai.